Ranar da Ƙarfe Ya Shiga Tukunya: Tarihin Wani Ɗanɗano a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Tsohon kundin tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya fara ne da zamanin Barbushe da mutanen da ke zaune kewaye da dutsen Dala. A jerin manyan wancan zamani an ambaci Gijigiji a matsayin maƙeri, da Bugazau mai dafa giya, da Maguji mai haƙo tama yana narkarwa, wanda aka ce shi ne kakan Maguzawa. Ashe tun fil azal ƙarfe da giya maƙwabta ne a ƙasar Kano. Masu tonon kayan tarihi sun tabbatar da rabin wannan labari, domin sun gano alamun narkar da tama a Dala tun wajen ƙarni na 7.

Abin lura shi ne, duk daɗewar maƙwabtakar, su biyun ba su haɗu a kan murhu ba. Maƙeri na ƙera gatarin faskare da fartanyar noman dawa, amma tukunyar dahuwa aikin magina ce, da yumɓu ake gina ta. Sai a ƙarni na 20 ƙarfe ya zama mazubi mai arha, ya hau murhu, ya zo da wani ɗanɗano da harshe bai saba da shi ba, wato ƙarni irin na jini, ko na tsohon kwabo idan yaro ya jefa shi a baki. Wannan ɗanɗano shi ne abin da za mu bi sawunsa. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ba shi ne batunmu ba. Dalilin waiwayar tukunyarta shi ne, a cikinta aka fi nazarin abin da tsami ke yi wa ƙarfe, kuma darasin ya shafi kunun tsamiya da zoɓon da ke kowane gida.

Gidan Bamaguje da tukunyar ƙasa

Yammacin Kano, daga Kabo zuwa Gwarzo har kan iyakar Katsina, na daga cikin wuraren da Hausawan da ba su musulunta ba suka daɗe a ciki. Bayan jihadi ya ci Kano a farkon ƙarni na 19, an bar Maguzawa a kan al'adarsu bisa sharaɗin biyan jizya. Suka ci gaba da zama a manyan gidajen gandu, nesa kaɗan da garuruwa masu ganuwa, suna noman dawa da gero. A cikin irin waɗannan mutane na yammacin Kano ne Joseph Greenberg, ɗalibi daga Amurka, ya yi bincike a 1938 zuwa 1939, ya kuma wallafa littafinsa a kan tasirin Musulunci ga addininsu a 1946. Shi ne daga baya ya yi fice wajen rarraba harsunan Afirka, ya sanya Hausa a dangin harsunan Chadi.

A irin wannan gida, giya tana tsakiyar tattalin arziki. Da ita ake sallamar 'yan gayya bayan sun gama noma, da ita ake biki da makoki, ana kuma zuba ta ga iskoki. Dahuwarta sana'ar mata ce, kuma hanya ce ta samun kuɗin kansu. Aikin na cin kusan mako guda. Za a jiƙa dawa, a shanya ta a lulluɓe har ta yi tsiro, a busar, a niƙa, a dama da ruwa a dafa. Daga nan a bar ta ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa na sa'o'i, sannan a tace a bar ta ta tashi. Mai karatu ya riƙe abu biyu daga wannan bayani, wato tsami da doguwar dahuwa. Tukunyar ƙasa da aka gasa da kyau ba ta damu da ko ɗaya ba. Aibinta dai nauyi da fashewa, ga kuma cin itace.

Garwa da duro

Turawa sun zo da dokar da ta ƙara wa tukunyar gida daraja ba tare da sun yi niyya ba. Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta tanadi hana shigo da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma Arewacin Nijeriya ya faɗa cikin wannan rukuni. Yayin da kwalaben barasar Turai ke kwarara a tashoshin ruwan kudu, mai sha a karkarar Kano ya ci gaba da dogaro da abin da matan ƙauye suka dafa.

Abin da doka ta tare a kwalba, ciniki ya shigo da shi ta wata ƙofa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, kayan Turai suka fara ratsa kasuwannin ƙauye. Cikinsu akwai garwar kananzir mai cin galan 4, wadda har yau sunanta ke manne da 'yan garuwa masu sayar da ruwa. Bayanta sai duron mai, mai cin kusan lita 200, wanda ya yawaita da yawaitar motoci, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ga macen da ke dafa burkutu don sayarwa, rabin duro ya fi kowace tukunya. Ba ya fashewa, yana saurin ɗaukar zafi, yana kuma cin ninkin abin da tukunyar ƙasa ke ci. Haka duro ya hau murhun masu burkutu a faɗin Arewa, kamar yadda ya hau na masu dafa abincin biki.

A nan ne abu biyun da muka riƙe suka fara aiki. Ruwa mai tsami yana narkar da baƙin ƙarfe, zafi kuma na ƙara masa sauri. Idan duron ya yi tsatsa, ko an kankare shi da yashi wajen wanki, abin ya fi tsanani. Jar dawa kuma, mai ba burkutu duhun launi, takan ƙunshi sinadarin bauri da ake kira tanin, irin wanda ke cikin bagaruwa da ganyen shayi. Idan tanin ya gamu da narkakken ƙarfe sai su yi baƙi. Dukawan Kano sun daɗe da sanin wannan a aikace, domin haka ake samun kuloko, inda ruwan da aka jiƙa ƙarfe a ciki ke baƙanta fatar da aka jeme da bagaruwa. Abin da baduku ke nema da gangan a kan fata, shi ne ke faruwa da mai dahuwa a cikin duro ba da saninta ba.

Akwai kuma ruwan kansa. Ƙasar Gwarzo da Kabo, kamar yawancin yammacin Kano, tana da jar ƙasa da marmara, waɗanda ƙarfen da ke cikinsu ne ya ba su launi. Rijiyar da ta ratsa irin wannan ƙasa takan ba da ruwan da ke barin jan kwantai a gindin randa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa da zarar ƙarfe ya haura kusan miligiram 0.3 a lita ɗaya ta ruwa, yakan fara ɓata launi da ɗanɗano.

Abin da aka gano a kudancin Afirka

Inda aka fara gane cewa lamarin ya wuce harshe shi ne Johannasbag. A 1929 wani likita mai suna A. S. Strachan ya bayar da rahoton cewa gawarwakin baƙar fata da dama da ya bincika suna da tarin ƙarfe a hanta da saifa fiye da kima. An ɗauki shekaru kafin a gano tushen abin. Binciken da T. H. Bothwell da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1960 ya nuna yatsa ga giyar gargajiya da ake dafawa a cikin durorin ƙarfe. Awon da aka yi ya nuna lita ɗaya ta irin wannan giya na iya ɗaukar miligiram 40 zuwa 80 na ƙarfe, alhali ta kamfani ba ta kai miligiram 1 ba.

Don a gane girman waɗannan lambobi, jikin babban mutum na tsotsar miligiram 1 zuwa 2 ne kawai na ƙarfe a rana daga abincinsa, kuma ba shi da wata hanya ta musamman ta fitar da rarar da ta shiga. Abin da ya yi yawa sai ya taru a hanta, shekara bayan shekara, har ya ƙeƙasar da ita, ya kuma buɗe ƙofa ga ciwon suga da kansar hanta. A 1992 Victor Gordeuk da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike a kan iyalai a Zimbabuwe da maƙwabtanta, wanda ya nuna cewa gado ma na da hannu, domin wasu jikkunan sun fi wasu tara ƙarfen. Duron da aka auna a can, da dawar, da tsamin, duk irin waɗanda ke kan murhun masu burkutu ne a nan.

Su ma masu masana'anta sun sha fama

Kada a ɗauka matsalar ta ƙauye ce kawai. Giyar gwangwani ba ta shiga kasuwa ba sai a 1935 a Amurka, kuma babban abin da ya jinkirta ta shi ne yadda take cin jikin gwangwanin ta gurɓace, har sai da aka samo wani shafi da ke raba ruwan da ƙarfen. A birnin Kebek na Kanada, tsakanin 1965 da 1966, mashaya kimanin 20 sun mutu da ciwon zuciya bayan an riƙa zuba sinadarin kobal a giya don kumfarta ta daɗe.

A yau ƙananan masu haɗa giya a Turai da Amurka sun fi kokawa da ƙarnin ƙarfe a baƙar giya, kuma dalilan da suke lissafawa ba baƙi ba ne a gare mu. Hatsin da aka gasa har ya yi baƙi yana ƙara wa ruwan tsami, yana kuma sakin ƙarfe cikinsa fiye da farin hatsi. Baurin ƙonannen hatsi kansa yakan yi wa harshe kama da ƙarfe. Sai ruwan rijiya mai ƙarfe, da tukunya ko bututun da ya karce ya fara tsatsa, da murfin kwalba mara kyau, da tsohon hatsin da mansa ya lalace a ajiya. Wani binciken 2006 ma ya nuna cewa abin da muke kira warin ƙarfe, wari ne na man jikinmu da ƙarfen ya ruguza da ya taɓa fata. Shi ya sa ƙarnin kwabo da na jini suke kama.

Dawar Arewa ta shiga wannan duniya ita ma. Kamfanin Guinness ya kafa masana'antarsa a Ikeja a farkon shekarun 1960, kuma da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya da na lemon malt suka koma ga dawa. Hatsi ɗaya ne da na gidan Bamaguje. Bambancin shi ne tankunan ƙarfe mara tsatsa, da tace ruwa, da awo a ɗakin gwaji.

Abin da ya rage a kan murhunmu

Duniyar da Greenberg ya gani ta sauya. Da yawa daga zuriyar Maguzawa sun musulunta, musamman tun rangadin Sardauna na shekarun 1960, wasu kuma sun shiga Kiristanci. Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Hisba a 2003, kuma a Nuwamban 2013 ta farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a. Giya ta janye daga idon mutane. Duro da tsami kuwa suna nan daram a kasuwannin Getso da Garo da duk wani gidan biki, domin kunun tsamiya da zoɓo da koko duk abubuwa ne masu tsami da ake dafawa ko ajiyewa a mazubin ƙarfe.

Adalci ya wajaba a nan. Ƙarfe kaɗan daga tukunya na iya zama alheri a inda ƙarancin jini ya yi wa mata da yara katutu. Wani gwaji da aka wallafa a 1999 daga ƙasar Habasha ya nuna yaran da aka riƙa dafa wa abinci a tukunyar baƙin ƙarfe sun fi samun ƙaruwar jini. Mai shan kofi ɗaya na kunu ba ya cikin haɗarin wanda ke shan lita-lita kullum na tsawon shekaru. Abin tsoron ya koma wani wuri, wato tukwanen alminiyum da ake zubawa daga tarkacen injuna da gwangwanaye. Wani bincike a Kamaru a 2014 ya gano cewa irin waɗannan tukwane na sakin dalma idan aka tafasa ruwa mai tsami a cikinsu. Arewa kuwa ta san dalma, tun da gubarta daga aikin zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Ga kuma durorin da aka ɗauko fenti ko maganin ƙwari a ciki, aka ɗauraye aka mayar da su mazubin abin sha.

Baƙin ƙarfe yana da kirki ɗaya, shi ne yana sanar da zuwansa. Harshe na jin ƙarninsa, ido na ganin zoɓo ya dushe. Dalma ba ta yin sallama, a ƙaramin adadin da ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro ba a jin ta ko kaɗan. Saboda haka idan kunu ya zo da ɗanɗanon kwabo, ma'anarsa tsami ya fara cin mazubin, kuma abin da ya dace a tambaya shi ne da me aka ƙera shi, me kuma aka taɓa zubawa a ciki. Mai sayarwa na iya sauke abu mai tsami daga tukunyar ƙarfe da zarar ya dahu, ta juye shi a randa ko mazubi mara tsatsa, maimakon ya kwana a ciki. Hukumomin lafiya na ƙananan hukumomi, waɗanda suka gaji aikin dubagari, suna iya sanya mazubi cikin abin da suke dubawa, ba tsabtar wuri kaɗai ba. Magina kuwa, waɗanda duro ya ƙwace wa kasuwa kusan shekara ɗari da suka wuce, har yanzu suna kasa randunansu a gefen kasuwa, kuma tsamiya ba ta taɓa cin yumɓun da aka gasa ba.