Fure da fleur: kama da wane ba wane ba ne

Akwai maganar da ke yawo tsakanin ɗalibai, wai kalmarmu "fure" daga Faransanci "fleur" muka aro ta. Ni dai ban yarda ba, ga kuma dalilina.

Asalin "fleur" a Latin yake, harshen Rumawan da. Su fure "flos" suke ce masa, yin fure kuma "florere", in itace ya fara buɗa fure su ce "florescere". Da daular Rum ta yamma ta faɗi a 476, Latin na bakin talakawa ya ci gaba da rarrabuwa, kowace ƙasa da nata. Faransawa suka samu "fleurir", Italiyawa "fiorire", mutanen Sifen "florecer", na Fotugal "florescer", na Romaniya "înflori".

Yaya aka san 'yan gida ɗaya ne? Canjin sautin nasu yana bin ƙa'ida. A Italiyanci "fl" na Latin kan koma "fi": "flamma" ta zama "fiamma", harshen wuta, "flumen" ya zama "fiume", kogi. Kun ga "fiorire" ba ita kaɗai ta bi hanyar ba.

To, mu dawo gida. Faransawa sun shigo Birnin Konni da wuta a 1899, ayarin Voulet da Chanoine. Bayan nan ne muka ari kalmominsu, kuma galibi na abin da suka zo da shi ne: lakwal, mushe, kamyo. Fure fa? Ai kakanninmu mata na jan haƙori da furen taba da goro tun kafin nan. Kanawa da Zazzagawa, waɗanda Ingila ta mulka, su ma "fure" suke cewa, jam'insa "furanni". Hausa kuwa daga dangin harsunan Cadi take, ba ta haɗa kaka da Latin ba.

Wani abin ma, mu a Konni, Malbaza da Illela "hure" muke cewa, yadda muke cewa "huska" da "hushi". Sifaniyanci ma ya mai da "f" ta zama "h": "farina" ta koma "harina", garin alkama. Ba wanda ya koyi wannan wurin wani, bakin ɗan Adam ne ke bin hanya guda.

Don haka in wani ya kawo muku kalmomi biyu masu kama, ku tambaye shi: yaushe masu harsunan suka haɗu, kuma ina sauran kalmomin da suka bi wannan ƙa'ida?