Tarihin Nazarin Mu'amalar Ɗan Adam da Mutum-mutumi a Jami'o'i

Mutum-mutumi, wato na'urar da ake tsara wa aiki ta hanyar kwamfuta har ta riƙa motsi da kanta, ya fara aiki a masana'antu ne nesa da mutane. Unimate, wanda kamfanin General Motors ya girka a masana'antarsa ta jihar New Jersey a Amurka a 1961, hannu ne na ƙarfe mai ɗaukar sassan mota masu zafi, kuma irinsa akan killace su da shinge domin kare ma'aikata. Muddin shingen yana nan, abin da jami'o'i suka damu da shi bai wuce ƙarfin na'urar da daidaiton motsinta ba, don haka fagen ya zauna a hannun injiniyoyi.

Sauyi ya fara bayyana a Japan. A Jami'ar Waseda da ke Tokiyo, Farfesa Ichiro Kato da abokan aikinsa sun kammala WABOT-1 a 1973, mutum-mutumi mai siffar ɗan Adam wanda yake takawa da ƙafa biyu, yake kama abu da hannu, yake kuma musayar 'yan kalmomi da harshen Japananci. Tun a 1970 kuwa, Masahiro Mori na Cibiyar Fasaha ta Tokiyo ya yi hasashen cewa sha'awar mutum ga na'ura tana ƙaruwa gwargwadon kamanninta da shi, amma idan kamannin ya kusa cika bai cika ba, sai sha'awar ta rikiɗe ta koma tsarguwa da ƙyama. Hasashen ya nuna cewa rabin matsalar tana cikin zuciyar mai kallo, wurin da ilimin injiniyanci ba ya kaiwa shi kaɗai.

A ƙarshen shekarun 1990, Cynthia Breazeal ta gina Kismet a matsayin aikin digirinta na uku a jami'ar MIT ta Amurka. Kismet kai ne kawai mai idanu da gira da kunnuwa da leɓɓa, kuma an tsara halayensa bisa abin da masana suka gano game da yadda jariri da mai renonsa suke fahimtar juna ta fuska da sautin murya. Da wannan aiki ilimin halayyar ɗan Adam ya samu gurbi a ɗakin gwajin injiniyoyi, ya kuma zo da hanyoyin bincikensa, ciki har da gwajin da mai bincike yake ɓuya yana sarrafa na'urar daga wani ɗaki, alhali mutumin da ake nazari yana zaton ita take yin komai da kanta.

Tarukan masana su ne suka ba fagen gindin zama. An fara taron RO-MAN, mai duba mu'amalar ɗan Adam da mutum-mutumi, a Japan a 1992, sannan a 2006 ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta fara kiran wani taron da aka keɓe wa wannan fanni a birnin Salt Lake City na Amurka. Daga nan darasin ya bazu a sassan kwamfuta da injiniyanci, inda ɗalibi yake koyon tsara manhaja tare da ƙididdiga da ƙa'idojin yin gwaji a kan mutane, domin na'urar da za ta yi aiki a asibiti ko gidan kula da tsofaffi ana auna ta ne da yadda mutanen wurin suka fahimce ta suka kuma aminta da ita.