Gandu a Idon Masu Bincike: Sharaɗin Aiki a Batagarawa, 1967

Masanan Turai da Amurka kan ɗauko tarihin binciken wurin aiki daga masana'antar Hawthorne ta kusa da Cikago, inda a tsakanin 1924 da 1932 aka yi ta gwaje-gwaje don a gane abin da ke sa ma'aikaci ya saki jiki ya yi aiki. A ƙasar Hausa kuwa ba daga masana'anta wannan ilmi ya faro ba. Daga gona ya faro, domin a nan ne mafi yawan jama'a su ke zub da guminsu, kuma babban wurin aikinsu shi ne gandu.

Wanda ya fita birnin Katsina ta Ƙofar Kwaya ya miƙa kudu, bayan kamar mil shida zai riski Batagarawa. A can ne wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, wadda ta riga ta yi suna wajen binciken manoman koko na Gana, ta zauna a daminar 1967. Littafinta, Rural Hausa, ya fito a 1972. Kafin ita M. G. Smith ya bayyana gandu a ƙasar Zazzau cikin littafinsa na 1955, matarsa Mary kuma ta rubuta labarin Baba ta Karo a 1954, inda a ke ganin yadda bayi su ke noma a rinji, sa'an nan a bar musu lokacin nasu gayaunin.

Abin da Hill ta tarar shi ne gandu yarjejeniya ce tsakanin uba da 'ya'yansa, har waɗanda suka yi aure, kowa da hakkinsa a kan ɗan'uwansa. 'Ya'ya su yi noma a gonar gandu daga safe zuwa wajen azahar, ban da ranar Jumma'a. Uba kuwa shi zai ci da su, ya biya musu haraji, ya ɗauki nauyin aurensu, ya kuma yanka wa kowa gayauna wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. Ba a rubuce ta ke ba, amma kowa ya san iyakarta, in kuwa uba ya gaza, ɗa na iya janye jikinsa. Ga lokacin aiki ƙayyadadde, ga hutu, ga rabo. Da wuya a ce dokar masana'antu ta 1955, wadda ko kusa ba ta shafi gona ba, ta fi wannan tsari sanin halin ɗan Adam.

Amma fa gandu ba na kowa ba ne, kuma a nan ne binciken ya fi nauyi. Hill ta kasa magidantan garin kashi huɗu bisa ga ƙarfinsu na jure wa yunwar damina, ta ga masu hali su ne ke iya riƙe 'ya'yansu, domin suna da gona da taki da hatsi a rumbu. Matalauci kuwa gandunsa kan watse tun yana da rai. Da rumbunsa ya ƙare sai ya tafi ƙwadago a gonar wani, daidai lokacin da tasa ke bukatar noman firi. Ciyawa ta ci ta, kaka ta zo ba abin kirki, baɗi ya sake komawa ƙwadago. Watau talauci ne ke hana shi noma, ba lalaci ba. Wannan ya rushe zaton da Turawan mulki da dama suka daɗe a kai, cewa manoman ƙauye duk ɗaya su ke.

Mata ba su cikin gandu, saboda kulle. Duk da haka Hill ta nuna, a wata maƙala ta 1969, cewa cikin gidajen nan akwai kasuwa sukutum: ana sayar da hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dafaffen abinci, yara ne ke kai da komo. Mai ƙidayar ma'aikata da ya tsaya a zaure ba zai taɓa ganinta ba.

Akwai inda ya kamata a yi hattara da littafin. Batagarawa garin hakimi ne, ga shi a bakin birni, damina ɗaya kuma ba ta isa a auna canjin zamani ba. Sha'anin lafiyar manomi kansa, irin su kurkunu da zazzaɓi masu kwantar da mutum a tsakiyar noma, bai sami gurbin da ya dace da shi ba. Hill ta sake gwada ra'ayinta a Ɗorayi ta Kano, littafin ya fito a 1977. A wajen wannan lokaci ne Paul Lubeck ya bi 'ya'yan manoma zuwa masana'antun Kano, inda ya tarar da su suna jayayya da masu kamfani a kan albashi da lokacin salla, abin da a gandu azahar ta riga ta yanke tun da daɗewa.