Yadda nikotin ta tashi daga karan sigari ta koma sigarin lantarki

Kafin 1880 da hannu ake naɗa sigari, kuma ƙwararren ma'aikaci bai wuce kara huɗu ko biyar a minti ɗaya. Sai wani matashi ɗan Amurka, James Bonsack, ya ƙera injin da ke fitar da kara kusan 200 a minti. Sigari ta yi arha, aka riƙa raba ta ga sojoji a yaƙoƙin duniya guda biyu, suka koma gida da ita a aljihu.

Sankarar huhu, wadda a da likita kan daɗe bai ga mai ita ba, ta fara cika asibitoci. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna a Ingila cewa sigari ce sila, a 1964 kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da haka a rahotonsa. Kamfanoni suka ɓullo da sigari mai matata a gindi, da wadda suke kira mai sauƙi. Mashaya sai suka ƙara zurfin zuƙa don jiki ya sami abin da ya saba, ciwon kuma bai tafi ba.

Abin da jikin ya saba da shi shi ne nikotin. Cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin da zuƙa take kaiwa ƙwaƙwalwa, ta sa ta saki sinadarin jin daɗi, sannan ta janye da sauri. Da ta janye sai rai ya ɓaci, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, hannu ya koma aljihu yana laluben ashana. Mai shan kwali ɗaya a rana yana maimaita wannan zuƙar sau ɗaruruwa kafin ya kwanta, shi ya sa sabon ke zama turke. A 1988 rahoton gwamnatin Amurka ya jera nikotin tare da hodar iblis wajen ƙarfin kamu. Duk da haka, a 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba bakwai suka ɗaga hannu a gaban majalisar ƙasar, suka rantse cewa ba su yarda nikotin na kama mutum ba. Takardunsu na cikin gida da suka fito daga baya sun nuna sun daɗe da sani.

Amma ba nikotin ce ke yin mafi yawan kisan ba. Wani likita a Landan, Michael Russell, ya fayyace wannan tun 1976: mutane na shan taba don nikotin, kwalta ce ke kashe su. Ƙona ganyen ne ke haifar da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo sankara, ga iskar gubar da ke hana jini ɗaukar iskar shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. To idan za a raba nikotin da wuta fa?

Herbert Gilbert ya gwada wannan a Amurka a 1963, bai sami mai zuba kuɗi ba. Wanda ya ci nasara shi ne Hon Lik, masanin harhaɗa magunguna a ƙasar Sin, mashayi na gaske, wanda sankarar huhu ta kashe mahaifinsa. A 2003 ya haɗa na'ura mai batir da ke mayar da ruwan nikotin tururi, wato sigarin lantarki, ta shiga kasuwa a 2004 da sunan Ruyan. Ban ga dalilin shakkar niyyarsa ba. Mutum ne da ke neman hanyar tsira ga kansa. Sai dai shi ma ya faɗa daga baya cewa yana haɗa na'urar tasa da sigari, kuma a 2013 kamfanin taba na Imperial ya sayi haƙƙin ƙirƙirarsa.

Inda lamarin ya karkace shi ne 2015, da fitowar sigarin lantarki mai suna Juul. Nikotin mai yawa tana ƙona maƙogwaro, wannan ne ke korar sabon shiga. Juul ya gauraya ta da wani asid ta zama mai laushi, har aka iya zuba kashi 5 cikin ɗari ba tare da tari ba. Na'urar siririya ce kamar filashin kwamfuta, tana ɓuya a tafin hannu, ga ɗanɗanon mangwaro da na'ana'a a lokacin, ba warin da uwa za ta ji a riga. Tsakanin 2017 da 2019 'yan sakandaren Amurka masu shan sigarin lantarki suka tashi daga kusan kashi 12 zuwa sama da kashi 27 cikin ɗari. A ƙarshen 2018 kamfanin Altria, mai Marlboro a Amurka, ya biya dala biliyan 12.8 ya sayi kashi 35 na Juul. Yaran nan yawancinsu ba sigari suke ƙoƙarin bari ba, domin ba su taɓa shanta ba. Wannan ne ke min ciwo.

A 2019 kuma cutar huhu ta ɓarke tsakanin masu zuƙar tururi a Amurka, aka kwantar da mutum sama da 2,800, 68 suka mutu. Bincike ya gano cewa akasari wani mai ne da ake gaurayawa da ruwan wiwi na bayan fage ya jawo ta.

Hukumar lafiyar Ingila ta ƙiyasta a 2015 cewa sigarin lantarki ta fi ta wuta sauƙin illa da kusan kashi 95 cikin ɗari, adadin da masana da dama suka soka. Abin da aka fi yarda da shi shi ne gubarta ba ta kai ta hayaƙi ba, kuma tana taimakon wasu su bar sigari. A ganina dattijon da ya shekara talatin yana shan kwali ya ci riba idan ya koma mata gaba ɗaya, ba ya haɗa biyu ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyar, wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba, asara kawai ya ɗauka, haka ma mai ciki. Tururin ba ruwa ba ne zalla, akwai ƙwayoyin ƙarfe da sinadaran da ke damun huhu.

Ƙasashe sun rabu a kan wannan. Tarayyar Turai ta ƙayyade nikotin a miligiram 20 cikin kowane mililita. Indiya ta haramta ta ɗungurungum a 2019. Birtaniya, wadda ke ƙarfafa wa mashaya gwiwa su koma gare ta, ta hana sayar da irin wadda ake sha a yar daga 1 ga Yunin 2025, bayan ta ga yadda ta yaɗu a hannun 'yan makaranta.