Limami a kan babur: tarihin wata raha a adabin coci, 1948-1983

1. Gabatarwa

A cikin wannan takarda muna so mu bi tarihin wani hoto da ke yawan dawowa a ƙagaggun labarai na ban dariya game da rayuwar coci, wato malamin addinin Kirista a kan babur, ko moto kamar yadda muka fi faɗa a Nijar. Za mu yi amfani da kalmar "limami" ga malamin Katolika, "fasto" kuma ga na Furotesta. Abin da muke son nunawa shi ne, babur shi kaɗai ba ya ba kowa dariya. Ma'anarsa ta canza sau uku tsakanin 1948 da 1983, kuma kowane canji ya biyo bayan wani canji ne a dangantakar limami da jama'ar da yake yi wa hidima. Wanda bai san wannan tarihi ba zai karanta labaran, amma ba zai gane wa ake yi wa dariya ba.

2. Kafin babur ya shiga labari

Yi wa limamin ƙauye raha tsohuwar al'ada ce a adabin Turai. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci a cikinmu sun san limamin Cucugnan na Alphonse Daudet, a cikin Lettres de mon moulin (1869), wanda ya tsorata mutanensa da mafarkin cewa ya same su duka a wuta. Wannan limami ba ya buƙatar abin hawa, domin duk jama'arsa na zaune inda ƙarar ƙararrawar coci ke kaiwa.

Buƙatar inji ta fara ne a wajen adabi, a fagen mishan. A 1927 wani limami Bajamushe, Paul Schulte, ya kafa ƙungiyar MIVA don sama wa ƴan mishan motoci da babura da jiragen sama, bayan wani abokinsa ya rasu a ƙasar da ake kira Namibiya a yau, ba a samu abin kai shi asibiti da wuri ba. A 1947 kuma Paparoma Pius na 12 ya ayyana Maryama ta garin Castellazzo Bormida, a arewacin Italiya, a matsayin majiɓinciyar masu hawan babur. Ke nan lokacin da marubuta suka ɗauki babur, coci ta riga ta san shi, ta ma sa masa albarka.

3. Keke na limami, inji na magajin gari

Babban tushen wannan nau'i na labari shi ne Don Camillo na Giovannino Guareschi (1908-1968), ɗan jarida daga yankin Parma. Labarin farko ya fito a mujallar mako-mako Candido a watan Disamba 1946, littafin farko kuma a 1948, gab da zaɓen 18 ga Afrilu da jam'iyyar Kiristoci masu ra'ayin dimokuraɗiyya ta ka da haɗin gwiwar ƴan kwaminis da ƴan gurguzu. Guareschi ya rubuta labarai sama da 300 a kan mutum biyu da ke zaune a wani ƙauye a bakin kogin Po: Don Camillo, limami mai ƙarfi da saurin hannu, da Peppone, magajin gari ɗan kwaminis. Na uku a cikinsu shi ne Almasihu na kan gicciyen coci, wanda ke magana da limamin, kuma sau da yawa shi yake tsawata wa.

Abin lura a nan shi ne rabon kayan hawa. Peppone bakanike ne, injuna sana'arsa ce, alhali Don Camillo an fi ganin sa a kan keke, doguwar rigarsa na kaɗawa. A gidan tarihin da aka buɗe a 1989 a Brescello, garin da aka ɗauki finafinan, an ajiye keken limami da babur mai kujera a gefe na magajin gari. Inji a nan alama ce ta zamani da ta jam'iyyar ma'aikata, keke kuma alama ce ta cocin da zamani ke neman ya bar ta a baya. Rahar tana fitowa ne idan mai keke ya riga mai inji isa.

Ba wasa ba ne abin da ke ƙarƙashin wannan dariya. A 1949 Vatikan ta fitar da doka mai korar masu yaɗa aƙidar kwaminis daga coci, kuma yankin Emiliya ya sha kashe-kashen siyasa bayan yaƙi, har da na limamai. Amma a cikin labaran Peppone yana kawo ɗansa a yi masa baftisma, yana neman a sa masa suna Lenin, su ba hammata iska shi da limami, daga ƙarshe a daidaita a haɗa sunaye. Fim ɗin farko, na Julien Duvivier (1952), da Fernandel da Gino Cervi, ya jawo ƴan kallo sama da miliyan 12 a Faransa kaɗai, aka kuma yi wasu huɗu har zuwa 1965.

4. Babur ɗin mulkin mallaka

A daidai wannan zamani marubutan Kamaru sun ɗauki hoton, suka juya shi. A cikin Une vie de boy na Ferdinand Oyono (1956), yaro Toundi ya bar gidan ubansa ya bi wani limami Bature mai suna Gilbert, wanda ke jefa wa yara ƙwayoyin sukari yana kuma yawon ƙauyuka a kan babur. Ba da daɗewa ba aka tsinci gawar limamin a kan babur ɗinsa, reshen wani ƙaton rimi ya danne shi, rimin da mutanen wurin suka yi wa laƙabi da mai murƙushe Turawa. A Le pauvre Christ de Bomba na Mongo Beti, wanda shi ma ya fito a 1956, limami Drumont yana rangadin ƙasar Tala, ya tarar da cewa wa'azin shekara ashirin bai kama ba.

A nan limami ne ke riƙe da inji, jama'a na ƙasa suna shaƙar ƙura. Babur ɗin yana cikin kayan mulki, tare da motar kwamanda da bulalar ɗan sanda. Saboda haka dariyar ta bambanta da ta Guareschi. Guareschi ɗan gida ne mai zolayar limamin da yake ƙauna. Oyono da Beti kuwa suna ba da labari ta bakin yaro mai yabon ubangidansa da zuciya ɗaya, mai karatu kuma yana ganin abin da yaron bai gani ba. Wannan habaici ne, kuma shugabannin coci na Kamaru sun ɗauke shi a haka, har aka hana yaɗa littafin Beti a ƙasar.

5. Daga ƴan tawaye zuwa fastoci

Canji na biyu ya zo ne daga Amurka. Bayan hargitsin garin Hollister a 1947 da fim ɗin The Wild One (1953) na Marlon Brando, babur ya zama tambarin saurayi mai rigar fata wanda ba ya jin maganar kowa. A Faransa jaridu sun cika da labarin irin waɗannan samari a 1959. Guareschi ya ga wannan kafin ya rasu. A littafinsa na ƙarshe, Don Camillo e i giovani d'oggi (1969), ɗan Peppone mai laƙabi Veleno shi ne shugaban wasu samari masu dogon gashi da babura, sannan an turo wa tsohon limami wani mataimaki matashi mai jar mota da ra'ayoyin babban taron Vatikan na biyu (1962-1965). Limami da magajin gari sun wayi gari a gefe guda, gefen tsofaffi.

Canji na uku ya faru a zahiri kafin ya shiga labari. A 1972 John Smith ya ɗauki jagorancin ƙungiyar God's Squad a Melbourne ta Ostireliya, don yin wa'azi a cikin ƙungiyoyin babur da ake gudu. A 1975 Herb Shreve, faston Baftis a jihar Arkansas, wanda ya sayi babur tun farko don ya kusaci ɗansa matashi, ya kafa Christian Motorcyclists Association. A Faransa Guy Gilbert, limami mai rigar fata, ya wallafa Un prêtre chez les loubards a 1978, sannan a 1979 limami Louis Prévoteau ya fara taron sa wa babura albarka a ƙauyen Porcaro na Biritaniyar Faransa, kowane 15 ga Agusta. Da Terence Hill ya sake yin fim ɗin Don Camillo a 1983, sai ya ɗora limamin kansa a kan babur na tsallake kwazazzabai. Injin da ya fara a hannun abokin hamayya ya ƙare a hannun limami.

Daga nan wanda ake yi wa dariya ya canza. Ba limami ba ne kuma, dattawan coci ne da kwamitocinta, masu ƙorafi a kan ƙara da gemu da zanen jiki na baƙin da suka zauna a kujerar baya. Tambayar da irin waɗannan labarai ke yi ita ce, wa ke da iznin shiga, kuma da wace riga.

6. Abin da ya shafi harshe

A ganinmu, asalin rahar yana cikin karo tsakanin matakan harshe. Don Camillo yana salla da Latin, yana zagi da harshen kasuwa. Peppone yana jawabi da manyan kalmomin jam'iyya da bai ƙware a kansu ba, har ya je wurin limami a gyara masa nahawu. Guareschi kansa ya yi iƙirarin cewa kalmominsa ba su wuce 200 ba. Babur shi ma wani mataki ne na harshe, mataki na titi, kuma dariya na zuwa ne idan aka haɗa shi da rigar bagadi.

Wannan ya sa fassara irin waɗannan labarai zuwa Hausa ke da wuya. A Maraɗi ko Damagaram, inda kabu-kabu ke ɗaukar malami da ɗan kasuwa da mai jego, ganin malamin addini a kan moto ba ya tayar da wani karo. Abin da mai karatu Bahaushe zai fi saurin ganewa shi ne alaƙar Camillo da Peppone, domin ta yi kama da wasan taubasai da barkwancin da ke tsakanin ƙabilu, al'adar da UNESCO ta sa cikin gadon bil'adama da sunan Nijar a 2014: a zagi juna a bainar jama'a, amma ranar ambaliya a ɗauki buhun ƙasa tare.

7. Kammalawa

Mun ga cewa babur ya wakilci ikon da ke hannun wani, sannan tawayen matasa, sannan ƙoƙarin coci na bin waɗanda suka guje ta. Daga baya Vatikan ma ta rungumi hotunan biyu. Babur ɗin Harley-Davidson da aka ba Paparoma Francis a 2013 an yi gwanjonsa a Paris a 2014 kan yuro 241,500, aka ba wani gidan ciyar da marasa galihu a Roma kuɗin. A 2015 kuma, a Florence, ya kafa wa limaman Italiya misali da Don Camillo, a matsayin limamin da ya san mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Aikin da ya rage ga ɗalibanmu shi ne su tattara labaran raha da ake yi da Hausa a kan fastoci da malaman katikisma na karkara, su duba wane abu ne ke ɗauke da nauyin da babur ya ɗauka a Turai, kuma daga wane gefe dariyar ke fitowa.