Dokokin Cikin Jirgin Sama: Tarihi Ne Ya Kawo Su

Mu mazauna Ibeto motar kasuwa muka fi sani, wadda mutum zai ɗora buhu a cinya har Kontagora ba mai ce masa kanzil. Shi ya sa in Allah Ya kira mu aikin Hajji, ma'aikaciyar jirgi ta ce a ɗaura bel, a miƙar da kujera, a naɗe tebur, a buɗe murfin taga, sai ka ji wani yana gunaguni wai iyayi ne. To jama'a, kowace doka a cikinsu domin kare rayuka aka kafa ta.

Ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 ya taso daga Jidda zai je Legas, rashin kyawun yanayi ya sa aka juya shi Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, wuta ta kama. Cikin mutum 202, mutum 176 suka rasu. Haka kuma ranar 11 ga Yuli 1991, wani jirgin ya tashi daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato. Tayoyi suka fashe wajen tashi saboda ƙarancin iska, wuta ta kama, duk mutum 261 ba wanda ya tsira. Allah Ya jiƙansu. Ku lura, ɗaya wajen sauka ne, ɗaya wajen tashi. Nan ne haɗari ya fi yawa, domin jirgi na kusa da ƙasa, matuƙi ba shi da sararin gyara.

Wani darasin ya zo a 1980 a Riyad. Jirgi ya kama wuta a sama, ya dawo ya sauka lafiya, amma ba a fitar da mutane nan take ba. Hayaƙi ya hallaka mutum 301. Ashe sauka kaɗai ba tsira ba ce, sai an fita. Ƙa'idar da ake gwada manyan jirage da ita, ita ce kowa ya fice cikin daƙiƙa 90, ta rabin ƙofofi kawai.

Daga nan za mu gane sauran. Bel zai riƙe ka in jirgi ya ci birki. Kujerar da ka kwantar, hanyar ɗan'uwanka na baya ka tare. Tebur a buɗe zai doke ka a ciki, ya kuma hana na gefenka wucewa. Taga a buɗe ake ganin ɓangaren da wuta take, don kada a buɗe ƙofar wajen. Rage fitilu da dare kuwa don ido ya saba da duhu ne.

Saura babbar matsalarmu mu 'yan kasuwa, wato kaya. A Janairun 2024 jirgi ya ƙone ƙurmus a Tokyo ta ƙasar Japan, amma duk mutum 379 da ke ciki sun fita da ransu, sun bar jakunkunansu a ciki. Da ɗaya ya tsaya jawo jaka, da ya tsayar da na bayansa. Dabino da tsarabar yara ba su kai ran Musulmi ba, in da rai da rabo.

Malamanmu sun koya mana tawakkali ba ya hana riƙon sababi. Don haka maniyyatanmu na bana, ku bi abin da aka ce, ku kuma fassara wa tsofaffin da ke kusa da ku. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, amin.