Daga Garwa Zuwa Jarka: Tarihin Guzurin Mai a Bayan Babur

Tsohuwar hanyar Jos da ta ratsa Kongo a Zariya, ta wuce ta gaban harabar Jami'ar Ahmadu Bello, hanya ce ta masu dogon zango. Daga nan ake miƙewa Soba, Pambeguwa da Saminaka, kuma duk wanda ya lura da baburan da ke bin ta da sassafe zai ga abu guda yana maimaituwa: ɗan galan na roba, ko gorar ruwa da aka cika da fetur, an ɗaure a kariya da tsinken tayar keke. Yawanci in aka zo maganar wannan ɗabi'a, ɗaya daga biyu ake cewa, ko ganganci ne, ko kuma tilas ce da ba ta da magani. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya ba. Ɗaukar guzurin mai daɗaɗɗiyar dabara ce ta matafiya, kuma hatsarinta yana cikin mazubin da ake amfani da shi. Abin da ya same mu shi ne mun riƙe sunan mazubi mai kyau, muka yar da ilimin da aka ƙera shi da shi.

Kafin gidajen mai su bazu, fetur da kananzir a garwa suke isowa Arewa. Jirgin ƙasa da ya iso Zariya a 1911 shi ya riƙa kawo su, garwa biyu cikin akwatin katako, kowace na cin galan 4, wato kusan lita 18. Garwa ta shiga rayuwar Bahaushe fiye da yadda masu ƙera ta suka zata: an ɗebi ruwa da ita, an auna hatsi, an buɗe ta an rufa ɗaki, har masu sayar da ruwa a Tudun Wada da Sabon Gari suka riƙa talla da ita, ko da yake yau jarkoki suke turawa a kura. Sai dai garwa ba ta jure tafiya. Ƙarfenta siriri ne, ɗinkinta na buɗewa in ta sha girgiza, kuma sai an huda ta ake zuba abin da ke ciki. A wannan zamani ne wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a Disamban 1934 kan babur ƙirar Panther mai akwati a gefe da 'yar tirela a baya, suka keta Sahara, suka bi ta Agadas da Kano, suka isa Cape Town a Yulin 1935. Tafiya irin wannan ba ta yiwuwa sai da lissafin mai da ruwa daga zango zuwa zango, irin lissafin da madugai suka daɗe suna yi da salka da rijiyoyin hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jarka ta zo ne don gyara laifin garwa. A wajajen 1937 aka ƙera ta a Jamus don sojojin ƙasar, tana cin lita 20. Sojojin Birtaniya da suka gwabza da Jamusawa a hamadar Afirka ta Arewa sun ga yadda nasu garewanin ke tsiyayar da mai a hanya alhali na abokan gaba ba sa ɗiga, sai suka riƙa kwashe su ganima, daga baya suka kwaikwaya. Da yake "Jerry" suke yi wa Bajamushe laƙabi, sunan ya bi mazubin, bakin Bahaushe kuma ya mayar da shi jarka. Abin lura shi ne babu wani sashe nata da aka yi don ado. Mariƙai uku ne a samanta, don mutum ɗaya ya ɗauka ko biyu su kama. Tsagin da ke gefenta yana ƙarfafa ƙarfen, yana kuma ba shi damar numfasawa in zafi ya kumbura man. Bakinta an sa shi ƙasa da ƙololuwa, ta yadda ko mutum ya so ba zai iya cika ta maƙil ba, dole a bar wa iska wuri. Murfinta maƙalle yake da jikinta, yana datsewa kan roba. Wato wanda ya ƙera ta ya san mai ɗaukarta zai gaji, zai yi gaggawa, zai manta, sai ya gina taka-tsantsan ɗin a jikin ƙarfen.

Abin da muke kira jarka a yau, mai ruwan ɗorawa, ta man girki ce. An yi ta don abin da ba ya tururi, ba ya kama wuta da ƙyas ɗaya. Ta samu gurbi a harkar fetur ne lokacin da abubuwa biyu suka haɗu. Matsin tattalin arziki bayan shirin SAP na 1986 ya cika garuruwa da 'yan acaɓa, sannan ƙarancin mai na shekarun 1990 ya cika bakin titi da 'yan bumburutu da mazurari da tiyo. Wannan kuwa ya faru ne duk da matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, tana nan tafiyar kilomita 80 kacal daga Zariya. Mutumin da ya kwana a layin gidan mai ba ya tambayar ingancin mazubi.

Za a ce, to ai shekara da shekaru ana ɗaukar mai a roba, kuma yawancin masu yi lafiya lau suke isa. Gaskiya ne, amma isa lafiya sau ɗari ba ya sauya halin fetur. Tururinsa ne ke kamawa, yana fita ko da sanyin hunturu, kuma ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake bi, inda salansa da filogi suke. Yana ƙara yawa da kusan kashi 1 cikin 100 duk lokacin da zafi ya hau da digiri 10, saboda haka gorar da aka cika har wuya da asuba a Kongo, kafin azahar a Pambeguwa tana neman hanyar fita ta murfi. Busasshiyar iskar hunturu kuma tana tara wa roba irin lantarkin nan da ke tartsatsi in an cire riga, shi ya sa ake sauke mazubi ƙasa kafin a cika shi, ba a bar shi kan babur ba. Ga nauyi: lita 20 ta kai kilo 15, kuma in an ɗora ta can sama a ƙarshen kariya tana kaɗawa, ita ke jan babur a kwana. Mota na da ƙarfen da zai raba fasinja da mai. A babur, tsakanin galan da bayan mutum riga ce kawai.

Hujja ta biyu, ta masu son a hana, ta fi nauyi, ita ce ta tsaro. A 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina da Kaduna sun hana sayar da mai a jarka a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, domin da babura da man jarka ake kai hari, kuma a 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyakar ƙasa. Ba wanda zai raina wannan dalili. Amma dokar hana jarka ba ta bambanta mai safarar jarkoki 10 zuwa daji da malamin makaranta ko ɗan kasuwar ƙauye da ke neman lita 3 don kada dare ya yi masa a inda ba gidan mai ba. Shi wannan na biyun bai daina ɗaukar guzuri ba. Ya koma wajen ɗan bumburutu ne, ya zuba a gorar lemo, ya cusa cikin buhu don kada a gani. Hani ya mayar da abin da ake iya sa wa ido abin ɓoyo, kuma mazubin da ya fi saukin ɓoyewa shi ne mafi rauni.

Saura maganar kuɗi, cewa mazubi na gaske ya fi ƙarfin ɗan acaɓa, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Amma babur da tankinsa ke cin wajen lita 11 ba ya buƙatar jarkar soja. Lita 3 zuwa 5 ta ishe shi, a ɗan mazubin ƙarfe ko na roba mai kauri da aka yi don fetur, a ɗaure shi ƙasa-ƙasa a ɓangaren da ba salansa, a juye shi cikin tanki da zarar wuri ya samu, bayan an kashe inji. Tsadar man ma hujja ce ta gyara, don abin da ke ɗiga daga murfin da aka toshe da leda yanzu kuɗi ne masu ciwo. Garin da ke da masu walda a kowace unguwa da tsangayar injiniya a Samaru bai kamata ya gaza ƙera irin wannan ba. Ya rage wa ƙungiyoyin masu babur na Zariya da hukumar kiyaye haɗurra su zauna su fitar da mazubi guda mai ƙayyadadden girma, wanda gidan mai zai yarda ya cika, jami'in shinge kuma zai gani ya bar mai shi ya wuce.